Shahon katako a gonar yayana

Shekarun baya, lokacin ina koyar da zane a wata makarantar sakandare a Gwandu, na yi wani abu da na daɗe ban iya ba da labarinsa ba. Yanzu ya wuce, an yafe, kowa ya kama harkar gabansa. Amma yau na tashi da wata irin gajiya wadda barci ba ya maganinta, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku, ko na sauke.

A lokacin ban kai ko'ina ba. Darasin zane shi ake turawa awar ƙarshe, sa'ad da yunwa ta gama da ɗalibai, ni ma ta gama da ni. Abin da ke riƙe da raina shi ne Asabar da Lahadi. Sai in hau tsohon babur ɗina, littafin zane da fensir a aljihu, in shiga daji neman tsuntsaye. Na zana shamuwa a kan tsamiyoyin Ceberu farkon damina. Na zana zalɓe da belbela da gauraka. Namun daji kuwa, tun da sun ƙare a wajenmu, sai in je wurin wani tsohon maharbi a Malisa, yana kwatanta mini barewa da gwanki ina zanawa. In na nuna masa sai ya karkata kai ya ce wannan ai akuya ce na ƙara wa ƙafa.

A gida ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Wasu na tuna mini cewa ranar gobe za a ce in busa wa tsuntsayen nan rai. Mahaifiyata ba ta kai can ba, ita dai abin da ya dame ta shi ne ƙato kamar ni ya yini cikin rana yana bin tsuntsun da ba zai kawo gida a sa a miya ba.

Akwai wani shaho da ya yi sheƙa a kan wata kuka kusa da Kambaza. Wata huɗu na yi ina zuwa wurinsa, har na san lokacin fitarsa da reshen da yake sauka. Daga baya na zana shi da fenti a kan babban allon katako, fikafikai a buɗe, ƙafafu a miƙe, daidai lokacin da zai kai sura. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi ba. Da na gama sai na jingina shi a tsakar gida don fentin ya bushe.

Kazar mahaifiyata ta zagayo daga bayan rumbu da 'yan tsakinta. Tana ɗaga kai ta yi wani irin kuka, 'yan tsakin suka watse, wasu ƙarƙashin turmi, wasu cikin murhu. Ita kuma ta baza gashi ta tsaya tana jiran faɗa. Mahaifiyata tana tankaɗe, ta ajiye rariya, ta dubi kazar, ta dubi allon, sannan ta dube ni. A iya sanina, ranar ce ta fara yi wa aikina kallon abin da zai iya amfani.

Ranar Juma'ar makon yayana ya zo gaishe ta. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Da mahaifinmu ya rasu shi ya bar makaranta ya kama fartanya, ni na ci gaba da karatu. Ya zauna a Kalgo, inda surukansa suka ba shi gona a fadama, kuma shinkafar gonar nan ita ake ci a gidansa, ita muke ci a Gwandu. A shekarar ya sayar da shanun huɗarsa biyu ya sayi injin ban ruwa, ya zuba duk ƙarfinsa a noman rani. In shinkafar ta yi, ya miƙe. In ba ta yi ba, ba shanu ba hatsi.

Ya shigo murya a dishe, ido ja wur. Jan baki sun sauka a fadama, waɗannan ƙananan tsuntsayen da ke zuwa dubbai su share gona. Shinkafarsa kuwa ta fidda kai, ƙwayar tana da ruwa fari kamar madara, lokacin da suka fi sonta ke nan.

Mahaifiyata ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, ko magana za ta yi masa sai ta bi ta kaina. Ta ce da ni, "Gwada ma yayanka abin nan da kaza tag gani."

Na fito da allon. Kazar ba ta ba ni kunya ba, ta sake yin abin da ta yi. Yayana ya daɗe yana kallo. Bai taɓa zagin zanena ba, bai kuma taɓa yabawa ba. Tun da na fara koyarwa yake kirana Malam, har yau ban tantance girmamawa ce ko tsokana ba.

Ya ce, "Malam, in kaza ta ji tsoron wanga abu, jan baki hwa? Ko ka ara mani shi kwana goma, kahin shinkahwa ta ƙosa?"

Na ce, "Yaya, ba aro ba, ni da kaina za ni kai shi. Har ukku zan ƙara maka."

Ku fahimce ni. Shekara da shekaru ina cin guminsa, ban taɓa samun abin da zan miƙa masa da hannuna ba. Yau ga shi ya zo yana roƙon abin da ni kaɗai na iya. Daɗin da na ji ya hana ni tunani.

Akwai abokina a makaranta, malamin kimiyya, Kirista daga kudancin jihar nan, wanda muke shan fura tare lokacin hutun tara. Da na ba shi labari bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, tsuntsu ba wawa ba ne. Kwana biyu uku zai gane abin nan ba ya motsi. Kaza a gida take, ba yunwa ke korarta ba." Na ce masa shi a littafi ya san tsuntsu, ni kuwa a daji na san shi. Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da shan furarsa.

An yi hutun makaranta a makon. Na zana wasu shahuna uku cikin gaggawa, kafinta ya yanke mini su daidai siffarsu. Na Kambaza kam na hana a sa masa zarto. Muka ɗaura su a saman mota. A tasha wani ya tambaye ni ko alamar sabuwar jam'iyya ce, na ce eh, ta manoma.

Wanda bai taɓa zama a fadama lokacin jan baki ba, bai san wahala ba. Zafin bazara ne, irin wanda iska ma ƙuna take. Kowace gona da rumfarta mai tsawo a kan itatuwa, daga rumfar an ja igiyoyi sun ratsa gonar, an rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki da tsummokaran leda. Mutum yana sama yana fizgar igiya, yana ihu, yana jifa da majajjawa. Daga fitowar rana zuwa hantsi, sannan daga la'asar zuwa faɗuwarta, kullum, ba Juma'a ba Lahadi. Yayana ya ɗauko mutum biyu daga wani ƙauye a tsallaken gulbi suna taya shi, su ma muryarsu ta tafi.

Muka kafa shahunan a kan dogayen sanduna, ɗaya a kowace kusurwa. Na Kambaza muka sa shi ta gabas, inda tsuntsayen suke ɓullowa.

Kwana uku na farko, wallahi kamar sihiri. Garke ya taso, yana kusantar gonar sai ya karkace ya faɗa ta maƙwabta. Mutane suka riƙa barin rumfunansu da rana suna zuwa kallo. Wani dattijo ya kawo mini zabuwa a ɗaure ya ce in zana masa nasa. Aka sa mini suna mai shaho. Matar yayana ta fara sa mini kifi biyu a miya maimakon ɗaya. Kaina ya kumbura har ina ba manoman da suka girme ni shawara kan halayyar tsuntsu, su da suke faɗa da shi tun ban san hannun damana ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a kwana ukun nan ba a daina jan igiya ba ko na minti ɗaya. Mutanen nan biyu suna ta fama, gwangwanaye na ta ƙara, ni kuma ina karɓar yabo. Har yau ban san ko shahunan sun kori tsuntsu ko guda ba.

Rana ta huɗu mutanen suka ce suna son tafiya, albasarsu ta isa cira. Yayana ya ja ni gefe.

Ya ce, "Malam, mi kag gani? In roƙe su su ƙara kwana biyar, ko shahon ga ya isa?"

Na ce, "Bar su su tahi, Yaya. Ga shaho huɗu, ga ni, ga ka. Mi ar rage?"

Ya ce to. Ya yarda da ni ne saboda na yi karatu, wannan na sani.

Washegari bayan azahar aka aiko cewa kawun matarsa ya rasu a wani ƙauye gaba da Kalgo, za a yi jana'iza da la'asar. Ba yadda zai yi ya ƙi zuwa. Ya hau rumfa ya nuna mini yadda ake fizgar babbar igiya, wadda in ka ja ta duk sauran suke amsawa.

Ya ce, "Ba ni son komi gare ka sai igiyag ga. Da ka hango su, ja. Kak ka jira su sauka. In sunka sauka sunka ɗanɗana, sai Allah."

Na ce ya tafi hankalinsa kwance.

Na yi la'asar a gindin rumfa na hau. Da farko ba komai sai 'yan tsiraru, in na ja igiya su tashi. Can sai na ga wani abu kamar hayaƙi a bayan giginyoyin bakin gulbi. Na ɗauka wani ne ya sa wa ciyawa wuta. Sai hayaƙin ya lanƙwasa, ya miƙe, ya sake lanƙwasawa. Sannan na ji ƙarar, kamar ruwan sama a kan kwano tun yana nesa.

Na ga jan baki a kwanakin nan, amma ban ga irin wannan ba. Ba su da iyaka. Su juya gaba ɗaya lokaci guda, sama ta yi duhu, su sake juyawa rana ta haska cikinsu su yi fari. Ba mai ja musu gaba, ba mai karo da wani. Duk fadamar ta ɗauki ihu da ƙarar gwangwani, kowa na kare tasa. Suka taɓa wannan gona aka kore su, suka taɓa waccan aka kore su.

Igiya tana hannuna. Littafin zane yana aljihuna, don ko masallaci da shi nake zuwa. Na ce a raina minti ɗaya kawai, in kama yadda suke lanƙwasawar nan, ba zan sake ganin irinta ba. Na sa igiyar a ƙarƙashin ƙafata na zaro fensir.

Gona ɗaya ce ta yi shiru a duk fadamar, kuma sun same ta.

Suka sauka ta gabas. Na gani da idona, ba wai hankalina ya gushe ba. Na ga na gaba sun zauna a kan zangarniya, na baya sun tsallake su sun sauka a gabansu, na bayan waɗannan su ma sun tsallake, suna ta naɗowa kamar ana naɗe tabarma. Ban taɓa sanin haka suke ci ba. Hannuna yana gudu, in cika shafi in juya. Wasu suka jeru a saman allon shahon Kambaza suna hutawa, ɗaya ya leƙo yana goge baki a kan idon da na yi kwana biyu ina gyarawa. Allah ya yafe mini, dariya na yi, na zana shi ma.

Ba tsoron Allah ne ya farkar da ni ba, ba kuma tunanin yayana ba. Littafin ne ya ƙare. Na juya ban ga farin shafi ba, sai na ɗaga kai na ga inda inuwar rumfa ta kai.

Daga nan na yi haukan da ya kamata in yi tun farko. Na ja igiya har fatar tafina ta saɓule. Na yi ihu har murya ta ɗauke. Na diro na shiga cikin shinkafar da gudu ina kaɗa riga. Su tashi nan su sauka can, sun riga sun ɗanɗana. Ihu bayan hari ke nan. Sai da rana ta faɗi suka tafi don kansu.

Yayana ya iso ana kiran magariba. Bai hau rumfa ba, kai tsaye ya shiga gonar. Zangarniyar da ke da ƙwaya sunkuyar da kai take yi, wadda aka tsotse kuwa tsaye take ƙiƙam. Fiye da rabin gonar a tsaye take. Ya tsinko ɗaya ya murza a yatsunsa, ya hure, ba abin da ya rage a tafinsa. Ya yi salati a hankali. Sannan ya zo inda nake, ya ga hannuna na jini, ya yi mini magana na kasa amsawa don ba murya.

Ya ce, "Sannu Malam, sannu. Sun hi ƙarhin mutum guda. Laihina na, da nib bar ka kai ɗai."

Ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure mini hannu. Littafin yana aljihun rigata, a daidai ƙirjina, tsakanina da shi bai kai taki ɗaya ba. Rashin murya ya rufa mini asiri a ranar. Da muryar ta dawo bayan kwana uku, ba ni da wannan uzurin, amma na ci gaba da yin shiru.

Abin da aka girbe bai kai ko'ina ba. Kafin damina ta tsaya ya sayar da injin. Ba shanu, ba inji, ba iri. Rani biyu a jere yana tafiya kudu cin rani, yana dakon buhunan albasa a kasuwa, mutumin da ya haura arba'in. Ya dawo ya rame, bayansa bai sake miƙewa daidai ba. A Gwandu muka koma awo a kasuwa. Mahaifiyata ta ce haka Allah ya so, ba ta sake ambaton shaho ba. Guda ukun da kafinta ya yanka, matar yayana ta yi murfin akurki da su. Na Kambaza rana ta lanƙwasa shi, kashin tsuntsu ya rufe shi, ban ko ɗauko shi ba. Abokina malamin kimiyya bai taɓa cewa ai na gaya maka ba, ni kuwa da ya faɗa da na fi samun sauƙi.

Littafin ya shekara biyu a ƙasan akwati. Na sha ɗauko shi da niyyar ƙonawa, in buɗe shafi ɗaya, in mayar. Ƙarshe dai hannu ya fi ƙarfina. Na sami babban yadi na zana abin da ke cikin littafin da fenti: gonar daga saman rumfa, giginyoyi a nesa, tsuntsayen suna naɗowa, shahon katako a gefe da 'yan jan baki jere a samansa. Wani da ya gani ya kai shi baje kolin zane-zane a Abuja. Daga nan ƙofa ta buɗe. Aka fara nemana, na bar koyarwa, na kama shagon aiki a Birnin Kebbi. Da yawanku ta wannan zanen kuka san ni. An nemi saye na ƙi, na rataye shi a shago, na kuma tabbatar ko hotonsa bai shiga gida ba.

Da hali ya samu na taimaka wa yayana ya sake sayen inji. Ya yi ta godiya, yana gaya wa mutane irin ƙanen da Allah ya ba shi. Kowace godiya sai in ji kamar an ɗora mini dutse.

Shekara bakwai bayan abin, ya shigo Birni neman wani ƙarfen inji, rana ta dake shi, ya ce bari ya biyo ya ga inda nake aiki. Bai taɓa zuwa ba, bai kuma yi waya ba. Ina wanke buroshi na ji sallamarsa. Na ba shi kujera, na aika a kawo ruwan sanyi. Bai zauna ba, ya riga ya ga bango.

Ya tsaya a gabansa hannu a baya, kamar yadda yake tsayawa a bakin gona. Ya daɗe.

Ya ce, "Gonata ta."

Na ce, "Ita ta, Yaya."

Ya ce, "Daga bisa rumhwa."

Na ce eh.

Ya matsa kusa, ya bi layin tsuntsayen da yatsa ba tare da ya taɓa ba. Ya ce, "Shekara talatin ina korar jan baki, ban taɓa ganin sun jeru hakanga ba. Tsohhi dai na hwaɗin haka suka ci, na baya shina tsallake na gaba. Amma mai jan igiya ba shi ganin wanga, don da ka ja suka watsewa." Bai juyo ba ya ce, "Sai in ba a ja ba."

Na gaya masa duka. Igiyar da na taka, fensir, littafin da ya ƙare, har dariyar. Ban rage komai ba, na gaji da ɗauka. Ina magana ina jiran ya ɗaga hannu ko murya, wallahi da na yi maraba da kowanne.

Sai ya ja kujerar ya zauna, a hankali, saboda bayan nan nasa. Ya sha ruwan. Ya ce, "Shekara bakwai ina kwana da cewa ni nay yi sakaci, na tahi jana'iza na bar yaro shi ɗai da bala'i." Ya juya kofin a hannunsa. "Da ka hwaɗa mani ran nan, Malam, da na yi hushi wata guda na huce. Yanzu ina za ni kai hushin shekara bakwai? Ba ni da ƙarhinai."

Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, duniya da lahira, in tashi kar wani ya shigo ya gan ni haka. Ya tambayi inda ake alwala. Da ya idar na raka shi tasha, a hanya muna maganar tsadar taki.

Shi ke nan, ba a sake tayar da maganar ba. Bai gaya wa mahaifiyarmu ba har ta koma ga Allah. Zumuncinmu yana nan, 'ya'yansa a gidana suke sauka.

In kun tambaye ni abin da na koya, ba wani abin kirki ba ne. Na daɗe ina ɗauka laifina shi ne rabin awar da na yi ina zane. Ashe wannan ƙarami ne, shinkafa ce, an sake shuka wata. Babban shi ne na bar bawan Allah ya ɗauki kayana a kansa shekara bakwai, ina kallo, don kawai kar in zube a idonsa. Akwai kuma abin da ya fi ba ni kunya, wanda shi ne ke kawo mini irin gajiyar yau. Na yi nadamar gonar, na yi nadamar shirun, amma duk yadda na matsa wa zuciyata ta ƙi yin nadamar abin da idona ya gani a yammacin nan. Mutane na yaba mini cewa ina da ido. Ba su san cewa mai irin idon nan, in abu ya yi masa kyau, yana iya tsayawa kallo gidan ɗan'uwansa na ci da wuta ba.

Bara da rani na je Kalgo, aka yi dace jan baki sun sauka, ko da yake ba da yawa ba. Na same shi a kan rumfa shi kaɗai, gemu ya yi fari fat. Na hau muka zauna muna hira, yana fizgar igiya jefi-jefi. La'asar ta riga ta yi, ni na yi tawa a hanya, shi bai yi ba. Na miƙa hannu na ce, "Yaya, kawo in riƙe maka, je ka yi salla."

Ya dube ni, ya yi murmushi, ba na mugunta ba ko kaɗan. Ya ce, "A'a Malam, kai baƙo na, huta abinka."

Ya leƙa ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira, wani dattijo mai ciwon ƙafa da ke can gona ta uku. Muka zauna muna jira har ya ɗingiso ya iso, ya hau da ƙyar, ya karɓi igiyar. Sannan yayana ya sauka ya ɗauki buta.